Ya Kellu da Ƙudan Gizaka

Kunya ɗari biyu da goma sha biyu ce gonar Ya Kellu, kowace kunya taku tamanin da shida. Da ƙafata na auna ta a daminar 1975, shekarar da aka turo ni ƙasar Gwiwa a matsayin malamin gona, da keke ɗaya, da famfon feshi ɗaya, da ƙauyuka goma sha ɗaya a wuyana. Gonar ba tata ba ce, aro ce daga gidan mai garin Tudun Aduwa. Kuma a daminar nan saura ƙiris a karɓe ta.

Ya Kellu Babarbariya ce. Ta zo garin a shekarar 'yancin kai tare da mijinta Madu, wanda yake fataucin kanwa da jakuna ta hanyar Babura. Jakinsu biyu suka mutu a nan, sai suka yada zango, zangon da ya zama zama. Mai garin wancan lokacin ya ara wa Madu fili a arewacin rijiya, ita kuma ta samu yumɓu mai kyau a bakin wani kududdufi ta kama ginin tukwane. Madambaci ne gwanintarta, wato tukunyar turara dambu mai ɓuli-ɓuli a gindi. Nata huda goma sha tara take yi masa, ba ƙari ba ragi, kuma har kasuwar Roni ana tambayarsa. Madu ya rasu a shekarar fari. 'Yarsu ɗaya, Fatu, tana aure a Babura. Aka bar Ya Kellu da bukka biyu da gonar aro, tana da kamar shekara hamsin da 'yan kai, doguwa, ba ta da yawan magana sai in an taɓo ta.

Gizaka ce ta haɗa mu. Wanda bai yi noma a wannan yankin ba bai san ta ba: tsutsa ce mai gashi, kaurin ɗan yatsa, in ta taɓa fata sai ƙaiƙayi. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne fari da yake fitowa bayan ruwan shuka, amma ba kowa ya san haka ba a lokacin. Abin da kowa ya sani shi ne tana tasowa rundunarta guda, ta bi wake da gyaɗa da ƙaramin gero ta bar kara tsirara. Al'adar garin ita ce a yi mata gayya: a haƙa dogon rami a gefen gona, a share ta ciki da tsintsiyar kaba, a zuba kara a cinna wuta.

Ya Kellu tana haƙa nata ramin kamar kowa, amma ba ta ƙona duka. Sai ta tsuguna da tsinke biyu tana juya gizaka ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ga tana da ɗigo fari a bayan kai, ƙanƙani kamar ƙwan ƙwarƙwata, sai ta ɗauke ta ta jefa cikin tukunya mai yashi da ganyen wake, ta kife da madambaci. Sauran ta ƙona. Ranar da na fara zuwa na ƙirga tukwane arba'in da bakwai jere a kan iyakar gonarta.

Na ce, "Iya, wannan kuma kiwon me kike yi?"

Ta ce, "Malam, kai da ka yi makarantar noma kake tambayata? Zo ka gani."

Ta kai ni gindin wani wake ta ce in yi shiru. Ba a jima ba wani ƙuda ya sauka, toka-toka, ya ɗan fi ƙudan gida girma, da gashi tsaye a gindinsa. Ya zagaya wata gizaka sau uku, ita kuwa tana ta fizgar kai hagu da dama. Ya ɗan dafa bayan kanta, ya tashi. Da na duba, ga ɗigo fari biyu.

Ta ce, "Ka ga yadda take yi? Kaza ce ta ga shaho. Abin da ya manna mata ɗin nan shiga cikinta yake yi ya cinye ta, ya fito ƙuda. Hudar madambaci ta ishe shi fita, ita kuwa ko ta rayu ta yi fiffike ba za ta wuce ba. In na ƙona mai ɗigo, ƙudan na ƙona."

Shekara bakwai ke nan da ta gane haka, bisa tsautsayi. Ta tara gizaka a wata tsagaggiyar tukunya za ta ƙona, ruwa ya jiƙa karan, ta kife da madambacin da ya lalace a wuta ta manta. Bayan mako biyu ta tarar da ƙudaje suna fita ta hudojin, a ciki kuwa babu komai sai busasshiyar fata. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ta.

Maƙwabcin gonarta ta yamma Haladu ne, Bafillacen gida wanda farin ya cinye masa shanu goma sha huɗu ya koma noma. Tsakaninsu akwai wasan Barebari da Fulani. In ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Baiwata, an kwana lafiya? Yaushe za a kawo wa ubangida dambu?" Ita kuma ta ce, "Kai da ka kasa riƙe saniya za ka riƙe baiwa? Je ka koyi kama fartanya tukuna, kana noma kamar mai tatsar nono."

Gizakar farko ta zo ta wuce, aka yi maimai, gero ya kai gwiwa. Sai ga ta biyu a farkon watan Agusta, wadda ta fi ta farko yawa. A daidai kwanakin ne ƙudajen Ya Kellu suke fita daga tukwane. Mata masu zuwa rijiya suka gani: ƙuda ya fito daga madambaci, ya je ya sauka a kan gizaka. Kafin kwana uku magana ta zagaye garin cewa ƙudan ne yake haifar gizaka, kuma Babarbariya ce take kiwonsa.

Ranar Lahadi da hantsi ina gonarta Haladu ya zo. Ya tsaya daga can kan iyaka ya ce, "Ya Kellu, ina kwana. Mai gari yana kiranki."

Ta miƙe a hankali ta dube shi. Da ya juya ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ka ji? Yau sunana ya kira. Wasa ya ƙare."

A ƙofar zauren mai gari Muhammadu Lawal na ƙirga magidanta talatin da takwas, ban da matan da suke leƙe ta kan danga. Mutane ne da suka ci ganye da dusa shekara biyu da suka wuce, kuma ga abincinsu na bana yana ƙarewa a gaban idonsu. Haladu ya yi magana a madadinsu.

"Ranka ya daɗe, mu duka muna ƙonawa, ita tana ajiyewa. Ba ma kowacce take ajiyewa ba, sai ta zaɓa. Me ake zaɓa a ajiye in ba iri ba?"

Mai gari dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce, "Kellu, kin ji. Ubana ne ya ara wa Madu filin nan don ku ci abinci, ba don a hana mutane ci ba. In abin da suka faɗa haka ne, zan karɓi gonata, ki tafi wurin 'yarki."

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ɗoki ya ɗebe ni, na ce zan nuna musu da ido. Na sa aka kawo gizaka mai ɗigo, na zaro reza na tsaga ta a kan wani kasko. Wata farar tsutsa mai ƙiba ta mirgino waje tana motsi. Na ɗago kai ina jiran a ce madalla.

Wani daga baya ya yi ihu, "Ciki ne da ita! Masu ciki take tarawa!"

Wuri ya yamutse. Haladu ya ce, "To, ga malaminku ma ya nuna muku. Ga ɗan nan a fili." Na yi ta bayani, babu mai saurarona. Wasu har sun miƙe za su nufi gonar.

Ya Kellu ce ta tsayar da su. Ba ta ɗaga murya ba, durƙusawa ta yi ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni tukunya biyu da kwana goma sha huɗu. A ɗaya a zuba ƙudan zalla da ganyen wake. In shi ke haifar gizaka, za mu tarar da ita. A ɗayar a zuba masu ɗigo guda arba'in. In ciki ne da su, za su fi arba'in. Haladu ya zuba da hannunsa, ya liƙe da hannunsa, a ajiye a zaurenka. Ni ba zan ko taka ƙofar ba."

Mai gari ya ce, "Haladu, ka yarda?"

"Na yarda. Amma in gizaka ta fito, ranar za ta bar gonar, ba sai an yi girbi ba."

"In ta fito," in ji Ya Kellu, "ba sai ka kore ni ba."

Aka yi haka a ranar. Ƙuda talatin muka kama da ƙyallen tata, aka sa musu auduga da aka jiƙa da ruwan zuma. Haladu ya ƙirga gizaka arba'in da tsinke yana yatsina fuska. Aka kife kowace tukunya da madambaci, aka ɗaure hudojin da ƙyalle, aka shafe baki da yumɓu, ya danna babban yatsansa wuri takwas a kowacce.

Daga nan sai jira, gizaka kuwa ba ta jira. Na yi feshi a gonaki tara kafin maganin da aka ba ni ya ƙare, na aika Kazaure neman ƙari, aka ce sai wani makon. Ya Kellu ta roƙe ni kada in kusanci tata da famfo, wai maganin bai san ƙuda da gizaka ba. Kowace safiya nakan ɗebi ɗari-ɗari in duba. A gonarta, cikin ɗari sittin da ɗaya na da ɗigo. A ta Haladu da ke jikinta, arba'in da uku. A can kudancin gari, huɗu. Na kai wa mai gari lissafin, ya ce, "Malam, su abin da za su ce shi ne masu cikin sun fi yawa a wajenta." Na rufe littafina.

Mata suka daina sayen madambacinta. A rijiya in ta zo sai a ja baya a bar mata guga. Ita ma gonarta ana ci, kunya ashirin da shida na gefen gabas sun zama tsinke. Duk da haka kullum tana bakin raminta da tsinkenta biyu.

A kwana na tara gizaka ta gama da waken Haladu kaf. Da azahar na jiyo hayaniya daga arewacin rijiya, na taka keke. Kafin in isa, magidanta kamar goma sha biyar suna bin layin tukwane da ƙotar fartanya. Ya Kellu tana tsaye a tsakiyar kunya, hannu a baya. Haladu ba ya cikin masu fasawa, amma yana tsaye yana kallo.

Ta ce masa, "Kai ka danna yatsa. Yatsan naka bai kai kwana sha huɗu ba?"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya daka musu tsawa, "Ya isa! Ku bari a buɗe tukunyar mai gari tukuna." Talatin da ɗaya suka fasa. Sha shida suka rage.

Da yamma suka taru a zaure suka ce ba za su iya jira ba, a buɗe yanzu. Ya Kellu ta aiko da cewa in aka buɗe yanzu ba a yi mata adalci ba, ƙudan bai isa fita ba. Mai gari ya raba gardama: ranar Juma'a in an dawo daga masallacin Gwiwa. Kwana goma sha biyu ke nan, an zaftare mata biyu.

Na same ta tana tsince ɓaraguzan madambaci na ce, "Iya, sha biyu zai isa?"

Ta ce, "In da zafi, wani lokaci yakan isa. Zauren mai gari kuwa sanyi gare shi." Ta ci gaba da tsintarta.

Ranar Laraba na je na kara kunne a tukunya ta biyu ko zan ji motsin ƙuda. Shiru. Alhamis, shiru. Juma'a da safe na daɗe da kunnena a jikin yumɓun har bafaden mai gari ya ce, "Malam, ko tukunyar ce take yi maka karatu?" Ban ji komai ba. Ya Kellu kuwa, aka ce mini, ta ɗaure kayanta ƙunshi uku ta jingine a bakin bukka.

Bayan la'asar aka fito da tukwanen tsakar fili. Wannan karon ban iya ƙirga mutane ba, na kai saba'in na bari. Haladu ya duba yatsunsa goma sha shida, duk suna nan. Ya fasa yumɓun ta farko ya ɗaga madambacin a hankali. Ƙuda tara suka tashi, ashirin da ɗaya suna kwance matattu. Ya zazzage ganyen a kan tabarma yana juya shi ɗaya-ɗaya. Ya yanƙwane, amma babu inda aka gutsura. Babu gizaka ko ɗaya.

Wani ya ce, "Ƙila a tsare ba sa haihuwa."

Mai gari ya ce, "Buɗe ta biyun."

Haladu ya buɗe. Babu abin da ya tashi. Yashi ne kawai da karan ganye. Ya leƙa, ya ɗago ya ce, "To, ina ƙudan da aka ce zai fito? Sun shige ƙasa za su haihu, shi ke nan."

Aka fara gunaguni. Ya Kellu ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba shi rariya."

Aka kawo rariya daga cikin gida. Haladu ya dinga ɗiban yashin yana tankaɗewa a kan faifai, ni ina ƙirga abin da ya rage da ƙarfi don kowa ya ji. Fatar gizaka busasshiya, ta motse kamar tsohon tsumma, guda talatin da huɗu. Wasu dunƙulallu masu rai da suka naɗe kansu, shida. Sai wasu ƙananan ƙwanso jajaye-jajaye kamar kashin ɓera, hamsin da biyu.

Mutumin nan na baya ya sake ihu, "Ga ƙwan nan! Hamsin da biyu daga arba'in, ai sun ƙaru!"

Ya Kellu ta matso, karo na farko, ta tsuguna gaban faifan. Ta ce, "Haladu, farcenka ya fi nawa tsawo, ba ya aikin fari bare na baƙi. Fasa ɗaya."

Ya ɗauki ɗaya ya danna da farce. Mutane suka yi ca a kansa. A ciki wani abu ne fari-fari, da jajayen idanu manya, da ƙafafu shida a naɗe, da fiffike a manne kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Mai gari ya ce, "Me ka gani?"

Haladu ya ajiye shi. Ya ɗauki wani ya fasa. Ya sake ɗaukar wani. Sai da ya fasa goma sha ɗaya, Ya Kellu ta riƙe masa hannu ta ce, "Ya isa haka, kana kashe mini ma'aikata."

Haladu ya ce, "Ƙuda ne, ranka ya daɗe. Duka ƙuda ne."

"Shidan nan fa?" in ji wani.

Ya Kellu ta ce, "Waɗannan sun tsere masa. Ai ko mahauci wata rana akuya takan kuɓuce masa. A jefa su wuta."

Mai gari ya sa aka miƙo masa faifan. Ya daɗe yana juya busassun fatun da tsinke, sannan ya ce, "Arba'in suka shiga suna tafiya da ƙafarsu. Talatin da huɗu sun zama fata. Ni dai a shekaruna ban taɓa ganin haihuwa irin wannan ba, wannan ci ne. Kellu, gona tana hannunki muddin ranki. Amma ki ɗauke tukwanen nan daga hanyar rijiya, ki mai da su gefen gabas, mata suna tsoro."

Ta ce, "Na gode, Allah ya ja zamaninka. Waɗanda aka fasa fa?"

Ya dubi jama'a, kowa ya dubi ƙasa. Ya ce, "Wannan ki bar wa Allah."

Ba wanda ya ba ta haƙuri a ranar, kuma ban ji an ba ta daga baya ba. Ta kwashe ƙwanso arba'in da ɗayan da suka rage a gefen zanenta ta wuce gona kai tsaye.

A kakar nan ta ɗaure dami hamsin da uku na gero, wake kuwa kwano tara kacal. Haladu ya samu dami talatin da ɗaya. Kudancin gari akwai wanda bai kai goma ba. Ba zan ce ƙudan ne kaɗai ya yi wannan ba, domin gonarta tana samun tokar wurin gasa tukwane, kuma ba ta wasa da noma. Abin da na ƙirga na faɗa. Da damina ta zagayo, gida bakwai suka sayi madambaci fiye da abin da dambu yake buƙata, ko da yake babu wanda ya ce ga abin da zai yi da shi. Sauran suka ci gaba da ƙonawa duka, da maganin feshi ya wadata kuma suka koma kansa.

An ɗauke ni daga Gwiwa a 1978 aka mai da ni Roni, amma nakan biya ta Tudun Aduwa in hanya ta bi da ni. Ya Kellu ta ƙara damina goma sha uku a gonar nan. Fatu ta zo sau biyu da motar haya za ta tafi da ita Babura, ta ƙi, ta ce an ce muddin ranta, ita kuwa ranta bai ƙare ba. Da idonta ya raunana ba ta iya ganin ɗigon, sai ta koma ajiye gizakar da ta ga ta yi laƙwas ba ta cin ganye. Ta rasu a kakar 1988, kwana biyar bayan an shigar da geronta rumbu. Da aka yi sadakar arba'in, ɗan Muhammadu Lawal, wanda ya gaji ubansa, ya aika aka karɓi gonar, tun da dama aro ce.